Ruwa a kan jariri: shin koyo za a yi da ɗana a asibitin koyarwa?

“Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Ɗana watansa huɗu. Bayan suna da 'yan kwanaki ya yi zazzaɓi mai zafi har da jijjiga, aka kwantar da shi, ya warke. Tun daga nan kansa yake ta girma, hulunan da aka saya masa duk sun daina shiga, idanunsa kuma suna kallon ƙasa. A asibitin koyarwa an yi masa hoto, an ce ruwa ne ya taru, sai an yi tiyata. Sannan wani matashin likita ya kawo mana takarda, ya ce suna bincike, in mun yarda mu sa hannu. Mahaifiyata ta ce kada mu kuskura, asibitin koyarwa koyo ake yi da mutane, kuma kai ba a taɓa shi. Na rasa yadda zan yi. Shin gwaji za su yi da yarona? In na ƙi sa hannu, za su ƙi yi masa aikin?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya sanyaya zuciyarka da ta mahaifiyarsa. Ni likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ne, a asibitin koyarwa nake aiki, kuma maganar da Hajiya ta faɗa ba baƙuwa ba ce a kunnena. Muna jin ta daga bakin kakanni da kawunnai kullum, kuma ba na raina ta, don tana da tushe. Zan zo kan wannan.

Abubuwa uku ne suka cakuɗe maka: ciwon da ke kan yaron, wanda zai yi aikin da hannunsa, da takardar da aka kawo muku. Bari in fara sauke maka wanda ya fi hana ka barci. Tiyata daban, takardar bincike daban. In ka ƙi sa hannu a ta bincike, babu mai ikon hana ɗanka aiki ko mayar da shi ƙarshen layi saboda haka. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne makonnin da za su iya wucewa ana shawara a gida, kan yaro kuma bai daina girma ba.

Abin da ke faruwa a cikin kan

Kowa yana da ruwa a kansa, ni da kai da Hajiya. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai koguna huɗu da ke haɗe da juna, a cikinsu ake samar da wani ruwa fari tas. Yana bi ta wasu 'yan siraran hanyoyi ya fito, ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka, sannan jini ya shanye shi. A babban mutum ana samar da kusan mililita 500 a kullum, amma abin da ke ciki a lokaci guda bai wuce kamar 150 ba. Ka ga ke nan dare da rana ana yi ana kwashewa. Idan hanya ta toshe, ko wurin da ke shanyewa ya lalace, sai ya zama kamar kwalbatin da shara ta toshe da damina: ruwa bai fasa zuwa ba, wurin wucewa ne babu.

A babba, ƙoƙon kai ya riga ya haɗe, don haka matsin yakan bayyana da ciwon kai da amai cikin gaggawa. Jariri kuwa ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, sai su buɗe su ba ruwan wuri. Shi ya sa kai ke girma, maɗiga ta cika ta yi tauri, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a fatar kai. Yawancin jarirai ana haihuwarsu da kewayen kai na santimita 33 zuwa 36, kuma akwai jadawalin da muke ɗora awon kowane wata a kansa mu ga ko ya tsallake layi. Kallon ƙasan da ka lura da shi, inda farin ido yake fitowa a sama, matsin ruwan ne ya taɓa sashen da ke ɗaga ido. Alama ce da ke cewa kada a jira.

Wasu yaran da toshewar ake haihuwarsu. Wasu tana zuwa tare da ƙullutun nan na gadon baya, inda laka ba ta gama rufewa ba tun a watan farko na ciki. Bakwaini kan samu idan jini ya zuba a kogunan. Wani lokaci ƙari ne ya danne hanya. Amma labarin da ka bayar, zazzaɓi da jijjiga a makonnin farko sannan kai ya fara girma, ya fi kama da wanda muka fi gani a ƙasashenmu: ƙwayar cuta ta shiga jini, ta kai ga ƙwaƙwalwa irin ta sanƙarau, an kashe ta da magani, amma ta bar tabo a hanyoyin ruwa. Ba laifin mahaifiyarsa ba ne, ba kuma wani abu ta ci ko ta tsallaka ba. Ina roƙonka ka faɗa mata wannan da bakinka, don iyaye mata da yawa suna ɗauke da wannan zargi a ransu ba sa faɗa.

Tun da masu karatu suna da yawa, bari in ɗan ratse. Ɗaya daga cikin ƙofofin da cuta ke shiga jariri ita ce cibiya. Kuskuren da ake yi shi ne ana shafa mata man goge baki, ko toka, ko a gasa ta da tsumman da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. Man Chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti shi ne abin shafawa, kuma jaririn da ya yi zazzaɓi ko ya ƙi kama nono a watansa na farko asibiti ake kai shi a ranar.

Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke buɗe hanyar da tabo ya toshe. Zuƙe ruwan da sirinji ta maɗiga yana rage matsi na ɗan lokaci kawai, kuma maimaita shi yana jawo wata cutar. Kada a bari a yi masa tsaga ko sakiya a kai. Addu'a kuwa ku dage da ita, mu ma da ita muke shiga ɗakin tiyata.

Aikin iri biyu ne

Na farko shi ne wanda mutane ke cewa “sa roba”. Ana huda ƙaramar ƙofa a ƙoƙon kai, a zura siririn bututu mai laushi cikin kogon ruwan, a bi da shi ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne da wuya da ƙirji, har cikin ramin ciki. Ba cikin hanji ko tumbi yake shiga ba, a gefensu yake kwanciya, jiki ya shanye ruwan daga can. A bayan kunne akwai ɗan maƙulli da ke barin ruwa ya sauka idan matsi ya yi yawa, ya hana shi komowa. Babu abin da ke fitowa waje. In ka shafa za ka ji shi a ƙarƙashin fata kamar jijiya. Wani uba ne ma ya taimaka wajen ƙera wannan maƙulli: John Holter, maƙerin injina a Amurka, wanda aka haifa masa ɗa da irin wannan ciwo a 1955, ya haɗa kai da likitan yaron, Eugene Spitz, suka fito da shi a 1956. A asibitocinmu an fi amfani da samfurin Chhabra da ake yi a Indiya saboda sauƙin kuɗinsa.

Robar tana aiki nan take, kuma ta ceci yara masu ɗimbin yawa. Amma ba zan ɓoye maka aibinta ba. Tana iya toshewa, tana iya kamuwa da ƙwayar cuta, musamman a watannin farko, kuma a manyan binciken da aka yi kan yara an ga kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari suna buƙatar a sake taɓa ta a shekarar farko. Yawancin masu ita da ita za su rayu. Wannan yana nufin duk inda yaron yake, dole a san hanyar da za a kawo shi asibiti da sauri ranar da ta tsaya.

Na biyu ba a barin komai a jiki. Ana zura siririyar na'ura mai kyamara cikin kogon, likita yana kallon allo, ya huda sabuwar ƙofa a ƙasan kogo na uku don ruwa ya kewaye wurin da ya toshe. A jarirai akan haɗa da ƙona wani sashe na naman da ke samar da ruwan don a rage yawansa. In ya karɓa, yaro ya huta da roba. Sai dai bai cika karɓa a ƙananan jarirai kamar yadda yake karɓa a manyan yara ba, kuma idan cuta ta bar tabo mai yawa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ko an huda ƙofar ruwan ba zai sami inda zai bi ba. Wani lokaci sai mun shiga da kyamara muke ganin haka, sai mu koma ga roba a zama ɗaya. Shi ya sa za ka iya ganin an rubuta duka biyun a takardar izinin tiyata. Akwai kuma batun ko na'urar tana nan tana aiki a asibitin. Ban ga hoton ɗanka ba, ban kuma taɓa maɗigarsa ba, don haka ba zan zaɓa masa daga nan ba. Ka tambayi likitansa wanne ya zaɓa, kuma me ya gani a hoton da ya sa.

Wa zai yi aikin?

Gaskiya ne ana koyo a asibitin koyarwa, amma bari ka ji yadda tsarin yake. Ɗaliban jami'a da kake gani cikin fararen riguna suna bin mu zagayen safe, aikinsu tambaya da saurare da kallo. Ba sa yanka kan kowa. Matashin da ya kawo muku takarda kuwa, mai yiwuwa cikakken likita ne: ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar horo a asibiti, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana cikin horon ƙwarewa da ke ɗaukar kusan wasu shekara shida, da jarrabawoyi masu tsauri na Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Najeriya. A samansa akwai babban likita, kwansaltan, wanda sunansa ke kan katin ɗanka, kuma shi ke da alhakin duk abin da aka yi. Aikin sa roba, ƙwararren mai neman kammala horo yana iya yin sa ƙarƙashin kulawar babban. Haƙƙinka ne ka tambaya kai tsaye: “Likita, wa zai yi, kuma za ka kasance a ɗakin?” Ni ba na jin haushin wannan tambaya.

Ka kuma duba abin da aikin yake buƙata ban da mai wuƙa. Likitan da ya iya sa jariri ɗan wata huɗu barci ya kuma tashe shi lafiya, likitocin yara, masu karanta hoto, ɗakin gwajin da zai duba ruwan a tabbatar babu sauran ƙwayar cuta kafin a sa roba, da nas-nas da suka saba da irin waɗannan yara. A ƙasar nan, wurin da aka fi samun waɗannan duka a ƙarƙashin rufi ɗaya shi ne manyan asibitocin koyarwa da na tarayya. Tun daga 1962, lokacin da Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a asibitin koyarwa na Ibadan, a jami'o'i wannan fanni ya girma. Har yau ba mu da yawa in aka kwatanta da al'ummar da ta haura miliyan 200, shi ya sa layi yake da tsawo, shi ya sa kuma ranar aikin da aka ba ku take da daraja.

Takardar binciken

Yanzu ga tushen maganar Hajiya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne, kamfanin ya musanta laifi, aka yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a wajen kotu. Duk wanda ya girma a Arewa ya ji wannan labari, kuma duk likitan da ya ɗauki tsoron mutane a kan jahilci bai yi musu adalci ba.

Bayan haka an ƙara ɗaure ƙa'idoji. Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa shi, kuma asibitin koyarwa yana da kwamitin da dole ya duba ya amince kafin a fara kowane bincike a kan mutane. Takardar da aka miƙo maka ɗiyar waɗannan ƙa'idoji ce. Neman izininka da aka yi alama ce ta bin tsari.

Mene ne ainihin binciken da ake yi a sashe irin namu? Mafi yawansa ƙidaya ce da bibiya. Yara nawa suka zo, me ya jawo musu, suna da wata nawa aka kawo su, wane aiki aka yi, nawa ne robarsu ta toshe, nawa ne suka zauna suka yi tafiya a kan lokaci. Kowane likita mai neman ƙwarewa sai ya rubuta kundin bincike kafin ya zauna jarrabawar ƙarshe, don haka akwai yiwuwar takardar ta irin wannan ce. Akwai kuma wanda ake ɗibar ɗan ruwan kai ko jini a duba. Akwai wanda ake kwatanta aiki biyu, a bar ƙuri'a ta zaɓa wa kowane yaro, kuma wannan ana yarda da shi ne kawai idan likitoci da gaske ba su da hujjar fifita ɗaya a kan ɗaya.

Kafin ka ɗauki biro, tambaya ɗaya ce ta fi kowace muhimmanci: “Me za a yi wa ɗana in na sa hannu, wanda ba za a yi masa ba in ban sa ba?” In amsar ita ce za a rubuta bayanansa, a auna kansa, a riƙa kiran ku a waya, to ka san inda ka dosa. In akwai ƙarin ɗibar jini, ko sabon magani, ko ƙuri'a ce za ta zaɓi aikin, dole a faɗa maka ƙarara. Ka nemi a yi bayanin da Hausa, a gaban mahaifiyar yaron, don ita ma tana da ta cewa. Ka nemi ganin shaidar amincewar kwamiti, a ba ka kwafin takardar ka je gida da ita, a kuma gaya maka ko za a ɗauki hoton yaron da inda za a kai shi. Ko ka sa hannu yau, kana iya janyewa gobe ba tare da ka ba da dalili ba. In wani ya nuna maka cewa aiki ya dogara da sa hannunka, ka kai maganar ga shugaban sashen ko ga kwamitin.

Ra'ayina, in ka tambaye ni: idan na ƙidaya da bibiya ne, ni zan sa hannu. Ga dalilina. Littattafan da muka yi karatu da su an rubuta su ne bisa yaran Turai da Amurka, inda ciwon ya fi zuwa daga haihuwar bakwaini ko daga halitta. Sai da wani likita, Benjamin Warf, ya zauna a garin Mbale na Yuganda a farkon shekarun 2000 yana rubuta bayanin kowane yaro, sannan aka tabbatar cewa a can kusan kashi 60 cikin ɗari cuta ce bayan haihuwa ke jawo shi, irin labarin ɗanka. A can ne aka kwatanta robar Indiya mai araha da wata mai tsada ta Amurka, ba a ga bambanci a sakamako ba, wanda ya sa yau nake sa wa yaro mai arahar hankalina kwance. A can ne aka gyara aikin kyamara ya dace da jarirai. A 2017 aka wallafa sakamakon kwatanta aikin biyu a jarirai 100 'yan ƙasa da wata shida da cuta ta jawo wa ruwan kai, aka ga bayan shekara ɗaya bunƙasar fahimtarsu ba ta bambanta sosai ba. Da yawa daga abin da na gaya maka a sama game da zaɓin aiki, wasu iyaye ne a Yuganda suka sa hannu kafin a san shi.

Mu kuma a nan babbar matsalarmu ita ce bibiya. Ana kawo yara daga ƙauyukan Filato, da Bauchi, da Nasarawa, da kudancin Kaduna, da Taraba. A yi aiki, a sallame su, su zo sau ɗaya ko biyu, daga nan shiru. Ka buɗe kati ka kira lambar da aka bari, a ce a kashe take, ko wani maƙwabci ya ɗauka ya ce sun tashi. Yaron da ya ɓace mana haka, ba zai shiga lissafin waɗanda suka warke ba, ba zai shiga na waɗanda robarsu ta toshe ba, kuma shawarar da za mu ba uba na gaba ta ragu da ilimin yaro ɗaya. Na lura yaran da ke cikin bincike sukan fi samun bibiya, don akwai wanda aikinsa ne ya neme su. Duk da haka zaɓin naku ne, kuma in kun ce a'a, ba ku yi laifin komai ba.

Abin da ba zan iya yi maka alkawari ba

Tiyata tana sauke matsi ta hana ƙarin lalacewa. Ba ta goge ɓarnar da cutar farko ta riga ta yi. Na ga yaran da aka yi wa aiki suka shiga makaranta tare da sa'o'insu, na ga waɗanda suka yi jinkirin zama da tafiya, ko suka samu farfaɗiya ko raunin gani, suka daɗe suna zuwa sashen motsa jiki. Babu likitan da zai kalli hoto ya gaya maka dalla-dalla inda yaro zai kai, don ƙwaƙwalwar jariri tana ba mu mamaki ta kowane ɓangare. Abin da aka tabbatar shi ne daɗewar matsi tana ƙara ɓarna. Kan kuma ba zai koma ƙarami ba. Girmansa ne zai lafa, jiki ya biyo shi a hankali. Sa jariri barci da tiyatar kanta suna da haɗari, za a karanta maka su, amma barin ciwon ya fi su haɗari nesa.

Batun kuɗi, ka tambayi jimillar tun yanzu, har da robar da gwaje-gwaje. Ka leƙa ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, in kuma kana da inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiha ka tambayi abin da take ɗauka.

Ranar da za ku koma, ka tafi da Hajiya. Ka roƙi babban likitan ya nuna mata hoton da kansa, ta ga baƙin wurin da ruwa ya cika da siririn farin da ƙwaƙwalwa ta koma, ta yi duk tambayar da take so. Ita za ta taya ku rainon yaron bayan aiki, don haka ita ma ya kamata ta san alamun da ba a kwana da su: amai a kai a kai, yawan barci ko wuyar tashi, kuka mai ƙara da ba ya lallasuwa, ƙin nono, maɗiga ta kumbura ta yi tauri ko yana zaune shiru, zazzaɓi, jijjiga, ko ja da kumburi a kan hanyar robar. Rigakafinsa kuma a ci gaba da yi sai in likitansa ya ce a dakata. Idan ɗaya daga cikin waɗannan alamu ta bayyana tun kafin ranar aikin, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati, ku kai shi sashen gaggawa na yara ko da tsakar dare ne, ku riƙe hoton da katinsa a hannu.